Tiyatar gyaran jiki bayan haihuwa: Abin da ya kamata matan Tasawa da Mayahi su sani kafin su tsallaka iyaka

A Tasawa da Mayahi, kamar sauran ƙasar Hausa, idan mace ta haihu akan ba ta kwana 40 ta huta. Mai haihuwar fari takan koma gidan iyayenta, a yi mata wankan jego safe da yamma, a dama mata kunun kanwa, a ba ta nama da yaji, a ɗaure mata ciki da zane. Ranar da ta yi arba'in ta koma ɗakinta, abin da dangin miji ke dubawa shi ne ko ta murmure ta yi ɓulɓul. Idan ta dawo a rame, sai a ce gidansu ba su iya jego ba.

Wannan ma'auni yana nan, amma wayar salula ta kawo masa kishiya. A TikTok da Facebook da Instagram ana yawo da hotunan matan da aka ce sun haihu, ciki a shafe, ƙugu a ɗame, tare da tallar asibitoci masu zaman kansu na Turkiyya da Tunisiya da Maroko da Masar da Legas. Tallar takan zo da Faransanci ko Larabci ko Turanci, kuma saƙonta ɗaya ne: ki zo a mayar miki da jikinki na ƙuruciya a cikin mako guda.

Matan da ke da halin irin wannan tafiya ƙalilan ne a waɗannan gundumomi biyu na jihar Maraɗi, inda akasarin jama'a manoma ne da makiyaya da ƙananan 'yan kasuwa. Amma tsallaka iyaka domin a yi wa mace aiki bayan haihuwa ba baƙon abu ba ne a yankin. Shekara da shekaru masu fama da yoyon fitsari suna zuwa Katsina neman magani, kuma abin da aka koya daga tafiyarsu ya shafi duk wadda ke tunanin kwanciya a gaban likita a wata ƙasa: aiki ba ya ƙarewa ranar da aka fito daga ɗakin tiyata.

Abin da ake tallatawa

Abin da asibitocin ke sayarwa yawanci ayyuka ne da dama a haɗe. Na farko shi ne ɗame ciki, inda likita ke yanka ƙasan mara daga wannan ƙugu zuwa wancan, ya yanke fatar da ta saki, ya ɗinke naman ciki da juna biyu ya raba, sannan ya sake wa cibiya mazauni. Na biyu shi ne zuƙe kitse da wani siririn bututun ƙarfe da ake cusawa ƙarƙashin fata. Sai ɗaga mama ko ƙara masa girma. Wasu kuma sukan haɗa da aikin da aka fi sani da BBL, wato a zuƙo kitse daga ciki ko cinya a ɗura shi a mazaunai.

Akan faɗi kuɗin a dunƙule: aiki da otal da motar ɗauka daga filin jirgi da tafinta. Farashin yakan kai dubban yuro. Yuro ɗaya yana daidai da sefa 655.957, don haka aikin da aka yi wa kuɗi yuro 2,000, alal misali, ya haura sefa miliyan 1.3, ban da tikitin jirgi. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake sefa 42,000 a wata tun farkon 2024, wannan ya fi albashin shekara biyu da rabi na ƙaramin ma'aikaci.

Abin da ba a cika sakawa a lissafin ba shi ne kuɗin jinya idan aka samu matsala: ƙarin kwanaki a asibiti, aiki na biyu, sauya tikiti, ko kwanciya a sashen kulawa ta musamman. Inshorar tafiye-tafiye ta yau da kullum ba ta ɗaukar nauyin tiyatar da mutum ya je yi don raɗin kansa. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Jikin mai jego yana da lokacinsa

Yawancin abin da ke damun mace a madubi makonni kaɗan bayan haihuwa yakan gyaru da kansa. Mahaifa tana ɗaukar kimanin mako shida kafin ta koma girmanta. Rabuwar naman ciki, wadda ke sa tumbi ya turo gaba, takan haɗe ga mata da yawa a cikin mako takwas, kuma motsa jiki na musamman yana taimakawa. Nankarwa kan dusashe a hankali. Shi ya sa likitocin wannan fanni ke ba da shawarar a jira aƙalla wata shida zuwa shekara ɗaya, a yaye yaro, nauyin jiki ya tsaya, kafin a fara maganar wuƙa.

Akwai kuma dalilin da ya fi wannan nauyi. Lokacin juna biyu da bayan haihuwa jinin mace yana saurin daskarewa, wata kariya ce da jiki ke yi don kada ta zubar da jini da yawa. Amma wannan na iya sa gudan jini ya taru a jijiyar ƙafa, ya ɓalle ya tafi huhu ya toshe numfashi. Wani bincike da aka wallafa a 2014 a mujallar likitoci ta New England Journal of Medicine, wanda ya duba mata kusan miliyan 1.7 a jihar Kalifoniya ta Amurka, ya gano cewa haɗarin daskarewar jini yana ninkawa kusan sau 11 a mako shida na farko bayan haihuwa, kuma yana nan ninki biyu har zuwa mako na 12. Tiyatar ɗame ciki ita ma tana cikin ayyukan kwalliya da suka fi jawo wannan matsala.

Ga matan wannan yanki akwai ƙarin abubuwa biyu. Na farko ƙarancin jini, wanda ƙididdigar lafiya ta nuna yana damun kusan rabin matan Nijar da ke shekarun haihuwa. Wadda jininta bai cika ba tana shiga tiyata da rauni, kuma ciwonta yakan yi jinkirin warkewa. Haka ma mai cutar sikila, wadda allurar barci da doguwar tiyata ke iya tayar mata da ciwo.

Na biyu shi ne ciwon zuciyar masu jego, wanda ke kama mace a watan ƙarshe na ciki ko a watanni biyar na farko bayan haihuwa. Ƙasar Hausa tana cikin wuraren da aka fi samunsa a duniya. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka ba da rahoton samunsa a kusan haihuwa ɗaya cikin 100, kuma binciken da aka yi daga baya a Sakkwato da Kano ya samu adadi makamancin haka. Likitoci a Yamai ma sun daɗe da rubutu a kansa. Da farko an ɗora laifin a kan wankan jego da kunun kanwa, amma binciken baya-bayan nan ya fi karkata ga rashin abinci mai gina jiki da ƙarancin sinadarin seleniyom da hawan jinin masu ciki.

Alamominsa su ne haki, kasa kwanciya rigingine, tari da dare da kumburin ƙafa. Mata da yawa kan ɗauka gajiyar jego ce kawai. Asibitin da ya karɓi mace bayan ya ga hotonta ta WhatsApp, ya sa mata ranar aiki washegarin saukarta daga jirgi, zai iya kwantar da ita ba tare da an duba zuciyarta da na'ura ba.

Wadda ba ta gama haihuwa ba

Sharaɗin da likitoci suka fi nanatawa shi ne mace ta tabbata ta gama haihuwa. Juna biyu bayan ɗame ciki yana yiwuwa, amma yakan sake buɗe naman da aka ɗinke, fata ta sake saki, kuɗi da wahala su tafi a banza.

A nan ne tallar ta yi karo da rayuwar yankin. Binciken al'umma da lafiya na 2012 ya nuna macen Nijar tana haihuwar yara 7.6 a matsakaici, a jihar Maraɗi kuwa 8.4. Binciken 2021 ya nuna adadin ƙasa baki ɗaya ya sauko zuwa 6.2, amma har yanzu yana cikin mafi yawa a duniya. Alƙaluman 2012 sun kuma nuna kashi 76 cikin 100 na 'yan matan Nijar ana aurar da su kafin su cika shekara 18, a Maraɗi kashi 89.

Ma'ana, mace mai shekara 25 a Tasawa tana iya kasancewa da yara uku ko huɗu, kuma da wuya ita ko mijinta su ce an rufe. Aikin da aka tsara don matar Turai mai yara biyu da ta yanke shawarar tsayawa bai zama lallai ya dace da ita ba.

Waɗanda suka tafi ba su dawo ba

Labarin da aka fi sani a wannan yanki na Afirka shi ne na Stella Obasanjo, matar shugaban Najeriya na lokacin, Olusegun Obasanjo. Ta rasu ranar 23 ga Oktoba, 2005 a Marbella ta ƙasar Sifaniya bayan tiyatar zuƙe kitse, makonni kaɗan kafin ta cika shekara 60. A 2009 wata kotu a Malaga ta samu likitan da laifin sakaci, ta yanke masa ɗaurin shekara ɗaya, ta hana shi aiki na shekara uku, ta kuma umarci a biya ɗanta diyyar yuro 120,000. Kotun ta gano cewa bututun zuƙe kitsen ya huda mata hanji da hanta, kuma an yi jinkirin gano hakan duk da alamomin da suka bayyana.

Ba mai jego ba ce, kuma ba kuɗi ta rasa ba. Abin da ya kashe ta shi ne rashin kulawa a sa'o'in da suka biyo bayan aikin.

A watan Janairun 2024 Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka, CDC, ta bayar da rahoton cewa Amurkawa 93 sun mutu bayan tiyatar kwalliya a Jamhuriyar Dominikan tsakanin 2009 da 2022. A cikin gawarwakin da aka bincika, akasari kitse ne ko gudan jini ya toshe musu jijiyoyin huhu, kuma da yawansu an yi musu aiki fiye da ɗaya a zama guda.

Gwamnatin Birtaniya ita ma ta ce 'yan ƙasarta 28 sun mutu a Turkiyya daga 2019 zuwa farkon 2024 bayan ayyukan likita da suka je yi da kansu. A 2023 kuma cutar sanƙarau ta ɓarke tsakanin waɗanda aka yi wa allurar kashe zafi ta ƙashin baya a wasu asibitoci biyu na garin Matamoros a Meksiko, inda mutum 12 daga Amurka suka mutu. Yawancinsu mata ne matasa da suka je gyaran jiki, kuma ciwon bai bayyana ba sai bayan sun koma gida.

Shi kuwa BBL, wani nazari da likitocin fannin suka yi a 2017 ya ƙiyasta mutuwar mutum ɗaya a cikin kusan 3,000, abin da ya sa aka ɗauke shi a matsayin mafi haɗarin tiyatar kwalliya. Idan aka ɗura kitsen ya shiga cikin tsoka, yakan faɗa babbar jijiya ya wuce zuciya da huhu, mutum ya mutu a kan gadon aiki. A 2018 ƙungiyar likitocin kwalliya ta Birtaniya ta nemi mambobinta su dakatar da shi, sai a 2022 ta amince da wata hanya ta ɗura kitsen a ƙarƙashin fata kawai tare da na'urar hoto.

Waɗannan alƙaluma na ƙasashen da ke bin sawun 'yan ƙasarsu ne. Turkiyya da Tunisiya da Masar suna da ƙwararrun likitoci da manyan asibitoci. Matsalar tana ga tsarin da ke haɗa ayyuka da yawa a rana ɗaya, ya sallami mara lafiya da wuri, kuma ya bar dillali ya tsaya tsakaninta da likita.

Hanyar dawowa gida

Hukumar lafiya ta Birtaniya, NHS, tana ba da shawarar kada a hau jirgi sai bayan kwana 5 zuwa 7 da yin aikin mama ko zuƙe kitse, da kwana 7 zuwa 10 bayan ɗame ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta bayyana tun 2007 cewa zama wuri ɗaya na sa'a huɗu ko fiye, a jirgi ne ko a mota, yana ninka haɗarin daskarewar jini.

A ɗauki misalin matar da aka yi wa aiki a Istanbul za ta koma Tasawa. Za ta yi fiye da sa'a biyar a jirgi kafin ta sauka a filin jirgin Diori Hamani na Yamai. Daga nan tana da fiye da kilomita 750 a kan babbar hanyar da ta bi ta Doso da Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni, tafiyar wuni guda a bas, ƙafafu a lanƙwashe, ciki da ɗinki. Idan 'yar Mayahi ce ko Kanambakashe ko Gidan Amumun, da sauran tafiya a gabanta. Wadda ta sauka a Kano daga Alƙahira ita ma sai ta bi mota ta tsallaka iyaka.

Sannan matsalolin wannan aiki ba su cika bayyana a kwanakin farko ba. Ruwa yakan taru a ƙarƙashin fata bayan mako ɗaya ko biyu. Ɗinki yakan buɗe. Fatar da jini bai isa gare ta ba takan yi baƙi ta mutu. Akwai ƙwayoyin cuta dangin na tarin fuka da ke ɗaukar makonni kafin su fito da ƙurji, kuma maganinsu yakan ɗauki watanni. Baƙar fata kuma ta fi saurin yin tabo mai tudu da ƙaiƙayi, wanda ba ya tafiya da kansa.

Warkewa daga ɗame ciki tana ɗaukar kimanin mako shida, ba ɗaukar kaya mai nauyi, ba sunkuyo da yawa. A gidan da mace ke goyo da daka da jan ruwa a rijiya, wannan sharaɗi ba ƙaramin abu ba ne. A watannin Afrilu da Mayu kuma, lokacin da zafi ke haura digiri 40, sai ta wuni cikin matsattsiyar rigar roba da aka ce kada ta cire.

Idan abu ya lalace, wurin da za ta fara zuwa shi ne ƙaramin asibitin CSI ko asibitin gunduma na Tasawa ko Mayahi, daga nan a tura ta Maraɗi ko Damagaram ko Yamai. Ma'aikatan za su karɓi ciwon da ba su suka yanka ba. Idan ba ta zo da takardar bayanin aikin ba, ko takardar tana cikin Turkanci, ko ta ɓoye abin da aka yi mata saboda kunya, aikinsu zai ƙara wuya, lokaci kuma yana tafiya.

Darasi daga Babbar Ruga da Danja

Tiyatar bayan haihuwa da aka fi buƙata a yankin ita ce ta yoyon fitsari. Yana samuwa ne idan naƙuda ta daɗe, kan jariri ya matse mafitsara ko dubura har naman wurin ya mutu ya huje. Yawanci jaririn ba ya rayuwa, uwar kuma ta rinƙa zubar da fitsari dare da rana, wani lokaci har aure ya mutu. Duk da cewa tiyatar fitar da jariri kyauta ce a asibitocin gwamnatin Nijar tun 2005, nisa da rashin mota da jinkirin yanke shawara a gida suna sa mata isa asibiti a makare.

A asibitin Babbar Ruga da ke wajen birnin Katsina, likita ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya fara wannan aiki a 1984, ya yi wa dubban mata tiyata ya kuma horar da likitoci daga ƙasashe da dama. Matan Nijar sun kasance cikin masu zuwa, musamman na garuruwan da ke kusa da iyaka irin su Hawandawaki da Korgom, waɗanda Katsina ta fi musu Yamai kusa nesa ba kusa ba.

A 2012 aka buɗe cibiyar yoyon fitsari ta Danja mai gado 42, kimanin kilomita 15 kudu da birnin Maraɗi, da haɗin gwiwar ƙungiyar Worldwide Fistula Fund da mishan ta SIM. Ana aikin kyauta. Ana kuma yin sa a asibitin uwa da yaro na Maraɗi da babbar cibiyar ƙasa da ke Yamai.

Abin lura shi ne yadda waɗannan cibiyoyi ke tafiyar da mara lafiya. Kafin aiki ana gwada jininta, a ciyar da ita, a yi maganin duk wata cuta. Bayan aiki tana zama da robar fitsari na kwana 7 zuwa 14 gwargwadon girman hujin, a gwada ko ɗinkin ya kama kafin a sallame ta. Ana ba ta ranar dawowa, a gaya mata da mijinta su ƙaurace wa juna na watanni, kuma haihuwa ta gaba a yi ta a asibiti ta hanyar tiyata. A Danja har ana koya wa wasu karatu da sana'ar hannu yayin da suke murmurewa. Likitocin sun san cewa aiki mai kyau yana lalacewa idan aka bar mace ta koma gida ba wanda ke bibiyarta.

Iyaka kuma ba kullum take buɗe ba. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 an sake rufe iyakar ƙasashen biyu, ba a buɗe ba sai a watan Maris na 2024. Duk wadda ke da ranar komawa wurin likita a tsallaken iyaka a waɗannan watanni ta shiga tsaka mai wuya. Idan haka ta faru da tafiyar Katsina, to wadda likitanta ke Istanbul ko Tunis sai ta yi tunani sau biyu.

Me malamai suka ce?

Tambayar halasci tana tasowa a duk lokacin da aka yi wannan magana. Majalisar Fiƙihu ta Duniya da ke ƙarƙashin Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi ta duba batun a zamanta na 18 a Putrajaya ta Malesiya a watan Yulin 2007.

Ta halatta tiyatar da ake yi don mayar da gaɓa ga aikinta ko siffarta ta asali, kamar gyaran tsagaggen leɓe, ƙuna, rauni ko illar cuta. Ta kuma halatta rage ƙiba da tiyata idan ƙibar ta zama ciwo kuma babu wata hanya. Ba ta halatta sauya lafiyayyar halitta don son rai ko kwaikwayon wasu ba. Sharuɗɗan da ta gindaya sun haɗa da cewa amfani ya rinjayi cutarwa, ƙwararre ne zai yi aikin, kuma a bayyana wa mara lafiya haɗarin da ke ciki kafin ta amince.

A bisa wannan, gyaran yoyon fitsari da saukowar mahaifa da tsagewar gaba da ɓullowar hanji ta cibiya magani ne da ba a jayayya a kansa. Ɗame ciki kuwa ya danganta da halin mai shi, domin akwai wadda rabuwar naman ciki ke sa ta ciwon baya da kasa ɗaukar kaya, akwai kuma wadda hoto kawai ta gani a waya.

Matsin da ke bayan tafiyar

Mace ba ta tashi haka kawai ta nemi a yanka ta. Akwai gorin miji, akwai tsoron kishiya, akwai habaicin ƙawaye a gidan biki. Wannan matsi ne ya daɗe yana ciyar da kasuwar kayan mata da man bilicin da ƙwayoyin ƙiba irin su sha-ka-fashe, wanda yawanci sinadarin dexamethasone ne da ke kumbura fuska da jiki, ya jawo hawan jini da ciwon suga, ya kuma hana ciwo warkewa. Wadda ke shan irin wannan ƙwaya ta shiga tiyata ba ta faɗa wa likita ba ta jefa kanta cikin haɗari.

Kunya ma tana da nata ɓarnar. Wadda ta ce wa dangi asibiti za ta je duba lafiya ko sarin kaya, idan ta dawo zazzaɓi ya kama ta takan yi shiru har abu ya yi nisa. A nan maza suna da rawar takawa, domin jikin da ya ɗauki ciki biyar ko shida ba zai koma na amarya ba, kuma kalmar miji tana iya tura mace ko ta tsayar da ita.

Kafin a biya kuɗi

Likitocin fannin sun yi ittifaƙi a kan wasu matakai. Mace ta fara ganin likitan mata a gida, a gwada jininta da zuciyarta da suga da hawan jini, a tantance ko abin da ke damunta ciwo ne da za a iya magancewa a Maraɗi. Ta yi magana da likitan da zai yi aikin da kansa, ba dillali ko mai talla a intanet ba, ta san cikakken sunansa da rajistarsa a hukumar likitocin ƙasarsa. Ta tambaya ko asibitin yana da sashen kulawa ta musamman da ma'ajiyar jini, da wanda zai biya idan aka samu matsala.

Kada ta yarda a haɗa mata ayyuka uku ko huɗu a rana ɗaya don rangwame. Ta tafi da ɗan rakiya, ta shirya zaman aƙalla mako biyu, ta karɓi takardar bayanin aikin da Faransanci ko Turanci, ta kuma samu likitan da ya yarda zai duba ta idan ta dawo tun kafin ta tashi.

Bayan dawowa, idan ta ji haki ko ciwon ƙirji, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko zazzaɓi, ko ɗinki ya fara ruwa da wari, ko fatar ciki ta yi baƙi, ta nufi asibiti nan take ta faɗi gaskiyar abin da aka yi mata. Hausawa sun ce garin neman gira akan rasa ido.

Ga wadda kuwa ke zubar da fitsari ko bayan gida tun da ta haihu, ko take jin wani abu yana saukowa ta gabanta, ba ta buƙatar fasfo ko tikitin jirgi. Ungozomar CSI mafi kusa za ta iya rubuta mata takardar zuwa Maraɗi ko Danja, inda ake yin aikin yoyon fitsari kyauta, kuma likitan da ya yi mata aikin yana nan idan ta koma.